Yadda muke cire turmin haƙori, da kulawar da gurbinsa ke buƙata

Aikina duba haƙora ne a wani asibiti a nan Zariya, kuma haƙorin da ya fi kawo mana mutane shi ne turmi na farko na ƙasa, wato na shida in ka fara ƙirge daga tsakiyar baki ka yi baya. Yana cikin haƙoran manya na farkon fitowa. Yaro na da shekara 6 zai ɓullo can bayan haƙoran yarinta, ba tare da wani ya faɗi ya ba shi wuri ba, sai iyaye su ɗauka shi ma na famfara ne, ko ya ruɓe wani zai tsiro. Ba wanda zai tsiro. Ga shi kuma samansa duk tsaga-tsaga ne, alewa da biskit na samun wurin maƙalewa.

Irin wannan haƙorin ne ya kawo wani tela daga Tudun Wada, mai shekara arba'in da 'yan kai, da sassafe, hannu dafe da kumatun dama. Kafin in ce ya buɗe baki sai da na yi masa tambayoyi, domin yanayin ciwon kansa yana nuna inda ruɓar ta kai.

"Malam, in ka sha ruwan sanyi yaya kake ji?"

"Likita, da dai yakan yi mini tsam, ina haɗiyewa ya wuce. Daga baya ya koma hana ni barci, ko sujada na yi sai in ji yana bugawa. Sai kuma ya yi shiru wajen wata biyu, har na ce na warke. Yanzu ko tuwo na tauna da shi sai in ji har ƙwaƙwalwata."

Haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawo na waje, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin mutum, kuma shi ba ya jin zafi, shi ya sa ruɓa ke farawa ba a sani ba. Ƙarƙashinsa akwai sashe mai ruwan ɗorawa, cike da ƙananan kafofi masu kai saƙo ciki. A tsakiya kuma akwai ɓargo, inda jijiya da hanyoyin jini suke. Tsam ɗin nan da ke wucewa da zarar an haɗiye ruwa, alama ce ruɓa ta shiga hawa na biyu, kuma a wannan lokacin ciko kawai haƙorin ke buƙata, aikin kamar rabin awa. Ciwon da ke tada mutum cikin dare, ko ya ƙaru in an sunkuya, yana nufin ɓargon ya kumbura a cikin ɗakin da ba shi da wurin buɗawa. Shirun da ke biyo baya shi ne ya fi yaudarar mutane: jijiyar ce ta mutu. Ƙwayoyin cuta su bi ta cikin saiwa su sauka ƙasa, mugunya ta taru a bakin saiwar cikin ƙashi, shi ne in an tauna sai a ji kamar haƙorin ya fi sauran tsawo.

Daga nan sai tambayoyin da wasu ke ganin ba su shafi baki ba. Hawan jini, ciwon sukari, sikila, olsa, ciwon ƙoda, ko mutum yana shan maganin tsinka jini irin su asfirin da wafarin, ko wani magani ya taɓa fito masa da ƙuraje, musamman dangin fenisilin. Mace kuma mu tambaye ta ko tana da juna biyu. Ciki ba ya hana a yi wa mace aikin haƙori, watanni ukun tsakiya ne dai suka fi sauƙi, amma sai mun sani don zaɓen magani. Muna awon jini, in ya kai 180 bisa 110 ba ma cirewa a ranar sai an sauko da shi. Sannan tambayar da ba na tsallakewa: "Ka karya?" Yawancin waɗanda jiri ke ɗauka bayan allura ba allurar ce ta kayar da su ba, yunwa ce da tsoro da rashin barci. Telan bai ci komai ba, don haka na tura shi ya sha koko da ƙosai ya dawo.

Da ya buɗe baki na ga dasashin gefen haƙorin ya yi fari fat, fatar na saɓulewa. Ya ce asfirin ya daka ya cusa a wurin. Asfirin na da tsami mai ƙona nama, kuma ba ya kashe ciwo sai an haɗiye shi. Muna ganin waɗanda suka ɗiga turare, ko fetur, ko garin taba, har da ruwan batir, wanda ke cinye dasashi da haƙoran da ke kusa. Abin da za a iya sawa ba tare da ɓarna ba kafin a iso asibiti shi ne ɗan man kanumfari a auduga, a cikin kogon kaɗai, kada ya taɓa nama. Shi ma lallashi ne, ba ya tsayar da ruɓa. Batun tsutsa kuwa, babu ita a haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke zaune cikin dauɗar da ke manne wa haƙori, su ci sukari su fitar da tsami, tsamin ya riƙa narkar da ɓawon a hankali.

Na duba da madubi da ɗan tsinken ƙarfe, na ƙwanƙwasa haƙoran ɗaya bayan ɗaya da ƙotar madubin, ya zabura a kan na shida. Wannan gwajin na da muhimmanci, don ciwon haƙori na yawo, mutum ya nuna na sama alhali na ƙasa ne mai laifin. Hoto ya nuna baƙin da'ira a ƙarshen saiwa, kuma ruɓar ta ci har ƙasan haƙorin inda saiwoyin biyu suka rabu. Da bangon haƙorin na nan da ƙwarinsa, da shawarata ita ce a cire jijiyar, a wanke cikin saiwoyin, a cike su, a sa masa hula, aikin zuwa biyu ko uku. Ya fi cirewa tsada, amma babu haƙorin roba da ke tauna kamar wanda Allah ya halitta, kuma ina jin ciwon yadda mutane ke shigowa da maganar "a cire kawai" a kan haƙorin da zai iya ƙara shekaru yana aiki. Nasa dai ya wuce gyara. Na nuna masa hoton, ya amince.

Allurar kashe wuri ita ce abin da aka fi tsoro, kuma ita ce mafi gajarta. Ruwan lidoken ne mai ƙarfin kashi 2 cikin 100, gauraye da ɗan adiranalin da ke matse hanyoyin jini don maganin ya daɗe a wurin, a 'yar kwalba mai cin mililita 1.8. Ƙashin sama na da laushi, ana yin allurar a gefen haƙorin ta ratsa. Muƙamuƙin ƙasa kuwa ƙashinsa mai kauri ne, dole sai an bi jijiyar can ƙuryar baki, bayan turmi na ƙarshe, inda take shiga cikin ƙashin. Allurar na shiga kamar santimita 2 zuwa 2 da rabi. Ina ɗan ja baya tukuna in tabbatar ban shiga hanyar jini ba, sannan in tura ruwan a hankali, wajen minti guda, don saurin turawa ne ke sa zafi. Sai ƙari kaɗan a dasashin ɓangaren kumatu. Cikin minti 3 zuwa 5 rabin leɓen ƙasa da gefen harshe su yi nauyi. In leɓe bai yi nauyi ba, allurar ba ta sami jijiyar ba, ba a fara aiki. Inda kumburi ya yi yawa kuma maganin ba ya kamawa sosai, saboda wurin ya yi tsami, shi ya sa zuwa da wuri ya fi sauƙi ko ta fuskar zafi.

Na ce masa, "Malam, za ka ji ana danna ka da ƙarfi, za ka ji ƙara a kunne, amma ba za ka ji zafi ba. In ka ji zafi ɗaga hannun hagu, zan tsaya."

Ba fizgar haƙori ake yi ba. Wasu siraran zaruruwa ne ke riƙe da saiwa a jikin ƙashi, su ake tsinkawa. Da farko ana zura wani ƙarfe mai faɗin baki tsakanin haƙori da ƙashi a ɗan murɗa, ya saki. Sannan a kama shi da awartaki, ba a saman haƙorin ba, can ƙasan dasashi a wuyan saiwa, a danna ƙasa, a riƙa kai shi wajen kumatu ana dawo da shi wajen harshe, ɗaya hannun na tallafe da muƙamuƙi. Kamar cire turke ne: girgiza shi ake yi har ramin ya buɗe, sai ya fito da kansa. Wanda ya yi gaggawa shi ke karya saiwa, musamman a haƙorin da ya daɗe da mutuwa ko mai lanƙwasasshiyar saiwa. Na telan, kan haƙorin ne ya fashe saboda ruɓa ta riga ta cinye shi, don haka na raba saiwoyin biyu na ciro su ɗaya-ɗaya. Na jera su a kan auduga na duba ƙarshen kowace, na nuna masa. Turmin ƙasa yawanci saiwa biyu gare shi, na sama uku, kuma mara lafiya na da haƙƙin ya tambaya ko duk sun fito.

A nan ne bambanci yake da masu cire haƙori a kasuwa. Ba su da hoto, in saiwa ta karye sai su bar ta. Kayan aikinmu kuma bayan an wanke sai sun shiga tukunyar tururi mai zafin digiri 121 na aƙalla minti 15. Awartakin da aka goge da tsumma aka sa a bakin wani na iya ɗaukar ciwon hanta nau'in B daga wannan zuwa wancan.

Na wanke gurbin da ruwan gishiri na asibiti, na matse gefensa da yatsu biyu, na jira jini ya cika shi, na naɗe auduga na ɗora ya cije. Daga nan aikin ya bar hannuna ya koma nasa, kuma a ganina wannan ne ɓangaren da ya fi cirewar muhimmanci. Jinin da ya cika ramin zai daskare ya zama guda. Wannan gudan jinin shi ne murfin ƙashi, kuma a cikinsa sabon nama ke tsirowa. Duk dokokin da muke bayarwa don kare shi ne.

A cije audugar minti 30 ba magana, ba leƙawa. Kada a tofar da yawu, a haɗiye. Wannan na yi wa mutane wuya, za ka ga mutum tun daga bakin ƙofa har ya hau babur yana tofarwa, kuma kowace tofarwa jan gudan jinin take yi. Yawu mai ja-ja a yinin farko ba zubar jini ba ne, ɗigo kaɗan ne ya gauraya da yawu mai yawa. Ba a kurkure baki sai bayan awa 24. Da yake tambayar alwala ba ta taɓa rasa tasowa, nakan tuna wa mutane abin da malamanmu suka karantar, cewa kurkurar baki sunna ce ba farilla ba. Wanda ya so ya sa ruwa a baki, ya sunkuya ya bar shi ya zubo da kansa ba tare da wujijjigawa ba. Kada a taɓa wurin da harshe ko yatsa, kada a zuƙi lemo da tsinke, kada a yi aikin ƙarfi a ranar. In za a kwanta a ɗaga kai da filo biyu. Sigari da shisha a bar su aƙalla kwana 3, mako guda ya fi.

Leɓe na iya kai awa 3 ko 4 yana nauyi. Kafin ya sake kada a ci abinci ko a sha shayi mai zafi, don mutum zai ƙone ko ya ciji kansa bai sani ba. Yara sai an sa musu ido sosai, sukan tauna leɓen har ya kumbura. Bayan ya sake, a sha kunu ko koko da ya huce, fura da nono, ayaba, dafaffen ƙwai, tuwo mai laushi, ana taunawa ta ɗaya gefen. Gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kilishi, goro da rake su jira mako guda. Kada a gasa kumatu da tsumma mai zafi, zafi na ƙara kumburi da zubar jini. In ana so a ɗora wani abu, a naɗe ƙanƙara a ƙyalle a ɗora ta waje minti 15, a huta minti 15.

Idan jini ya ɓalle sosai a gida, a ninke hankici mai tsabta a ɗora daidai kan ramin, a cije da ƙarfi minti 30 a zaune. Jiƙaƙƙen ƙullin ganyen shayi irin na Lipton ma yana yi, don akwai sinadarin da ke taimaka wa jini daskarewa a cikinsa. In an yi haka sau biyu bai tsaya ba, a dawo asibiti.

Maganin zafi ga babba mai lafiya: farasitamol gram 1, wato ƙwaya biyu masu miligiram 500, duk awa 6, kada a wuce gram 4 a yini. Ana iya haɗawa da ibufurofen miligiram 400 duk awa 8 bayan an ci abinci, ban da mai olsa, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu. A sha na farko kafin allura ta sake. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba kowa ke buƙata ba. Cire haƙorin shi ne ya cire tushen cutar. Muna rubuta amoksisilin ko Flagyl ne in akwai kumburin da ya bazu, ko zazzaɓi, ko ciwon sukarin da bai daidaita ba. Sayen kafso biyu a kemis duk lokacin da haƙori ya motsa yana kwantar da kumburi na ɗan lokaci ne kawai, ruɓar na nan tana ci.

Washegari ake fara ruwan gishiri: rabin ƙaramin cokali a kofi guda na ruwan ɗumi, wanda harshe zai iya jurewa. A guntsa, a karkata kai wajen ramin, a riƙe rabin minti, a zubar a hankali, har kofin ya ƙare. Bayan kowane cin abinci da kafin barci, tsawon mako guda. Sauran haƙora a ci gaba da goge su, a kauce wa ramin kawai. Wajen kwana na uku zuwa na biyar za a ga wani abu fari-fari ya rufe wurin. Sabon nama ne, ba ragowar abinci ba, kada a sa tsinken ashana a tono shi.

Idan gudan jinin ya fita, alamar ba ta ɓuya. Ciwo ya lafa, sai a kwana na biyu zuwa na huɗu ya dawo fiye da na da, yana harbawa har kunne, baki na wari, in an leƙa a ga ramin wayam. Ƙashi ne a buɗe. Ya fi samun turamen ƙasa da masu shan sigari. Farasitamol ba ya iya masa. A dawo mu wanke ramin mu sa magani a ciki, yawanci kafin a kai gida an ji sauƙi. Wanda ba ya jira kuwa shi ne kumburin da ya gangara ƙarƙashin haɓa ya yi tauri, harshe ya ɗago, haɗiya ko numfashi ya yi wuya, baki ya ƙi buɗuwa, ga zazzaɓi. Wannan na toshe maƙogwaro, kuma yana kisa. Ko tsakar dare ne a wuce asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Telan ya dawo bayan mako guda, dasashi ya fara haɗewa. Naman kan rufe cikin mako biyu zuwa uku, ƙashin kuma sai ya ɗauki wata 3 ko fiye kafin ya cika. A ranar muka yi masa wankin haƙori, don bayan haƙoransa na gaba na ƙasa duk dauɗa ta daskare ta zama dutse, dasashi na jini da an taɓa. Irin wannan dutsen buroshi ba ya cire shi, sai inji mai karkarwa da feshin ruwa. Masu cewa wanki na buɗe tsakanin haƙora, gurbin da dutsen ya riga ya ci ne suke gani. Jinin dasashi kuma ba dalilin daina gogewa ba ne, in an dage da goge wurin da kyau yakan tsaya cikin mako biyu. Mun kuma sami ƙaramin kogo a turmin hagu, muka cike shi tun bai fara ciwo ba.

Gogewar da na koya masa ita ce sau biyu a yini, minti 2, na dare shi ne babba don yawu na raguwa in ana barci. Buroshi mai laushi, a karkata bakinsa inda haƙori ya haɗu da dasashi, ana 'yan kewaye ƙanana, ba dirza ta gefe zuwa gefe ba, wadda ke zaizaye wuyan haƙori. Makilin ya zama mai fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori, a duba jikin kwalin a ga an rubuta yawansa, 1,350 zuwa 1,500 ppm. Bayan an gama a tofar kawai, kada a bi da ruwa, don fuloraid ɗin ya zauna. Yaro ƙasa da shekara 3 a shafa masa gwargwadon ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 gwargwadon ƙwayar waken suya. A canza buroshi duk wata 3. Asuwaki na da kyau ƙwarai da rana, a riƙa yanke bakinsa ana sabuntawa, sai dai ba ya kai wa bayan turame sosai kuma ba ya maye gurbin makilin. Gawayi da toka suna kankare ɓawon haƙori, wanda ba ya sake tsirowa.

A shagonsa kofin shayi mai sukari ba ya rabuwa da gefen keke, yana kurɓa daga safe har azahar. Kowace kurɓa na sa baki ya yi tsami, kuma yawu na buƙatar rabin awa zuwa awa guda kafin ya gyara shi. Don haka yawan lokutan da sukari ke shiga baki ya fi yawansa ɓarna. Na ce ya shanye shayinsa lokaci guda tare da karin kumallo, ya ajiye ruwa a gefen keken.

Gurbin da ya rage ba a barinsa shekara da shekaru. Turmin baya na kwantowa cikinsa, na sama na zazzagowa don ba abin da ke tare shi, abinci ya sami sababbin wuraren maƙalewa. Bayan ƙashi ya cika akwai zaɓi uku: haƙorin roba mai cirewa, wanda ya fi araha, ko gada da ake ɗaurawa a jikin haƙoran gefe bayan an ɗan fere su, ko dashen ƙarfe a cikin ƙashi, wanda ya fi tsada. Shi ya zaɓi na roba, na ba shi wata 3 ya dawo a ɗauki awo, tare da sharaɗin zai riƙa cire shi kowane dare ya wanke da buroshi da sabulu, ya ajiye a kofin ruwa.